Gidan da Ya Fi Kowanne Kyau a Layinmu

Ina tsaye a wurin da ƙafafuna lokacin da injiniyan ya gama zagaya gidan Dympna Harkin, ya mayar da alƙalami aljihu, ya ce, "Gaskiya, Misis Harkin, duk layin nan ban ga gida mai lafiya kamar naki ba." Ita kuwa ta sunkuyar da kai cike da jin daɗi, ta ce ta gode, ya shigo ya sha shayi kafin ya huce. Na kasa rufe bakina. Gidan da yake yabo ɗin nan, ni na san da zai jingina da bangonsa na yamma da ƙarfi, sai dai ya tsinci kansa a ɗakin kwana.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san Dympna ba zai ɗauka taɓin hankali ne da ita.

Tun muna 'yan mata na san ta, a masana'antar ɗinkin riguna ta garin Buncrana. Ni ina kan keke ina ɗinka kwala, ita tana teburin ƙarshe, inda ake duba riga kafin a naɗe ta. Ba abin da yake wuce idonta. Amma in ta ga kuskure ba ta mayar wa yarinyar da ta yi shi, don kada a kunyata ta gaban mutane. Allura take zarowa daga ƙirjin rigarta ta gyara da kanta, kuma in ta gama, ko wadda ta yi ɓarnar ba za ta iya nuna wurin ba. Mu dai baiwa muka ɗauki abin a lokacin.

Mijinta Condy ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa hanyoyi a ƙarƙashin duwatsun Scotland. Gida sai Kirsimeti da lokacin tonon dankali. Ɗansu ɗaya ne, shi ma yana tasawa ya wuce Australiya, sai gaisuwa ta waya. Da Condy ya dawo gaba ɗaya, a shekarun nan da kuɗi ya shigo ƙasar kowa ya kama gini, sai ya ce shi ba zai ba ɗan kwangila gidansa ba. Ya sayo bulo inda duk muka sayo, ya ɗaura igiyar awo, ya jera kowane bulo da hannunsa. Mazan layi suna zuwa taya shi ran Asabar, mu mata muna kai shayi da burodi. Kuma taya Condy aiki azaba ce. In layi ɗaya ya karkace ko da faɗin farce ne, rushewa yake yi. Fonsie McColgan, mai tumakin nan na ƙarshen layi, ya taɓa jefar da cebur ya ce, "Kai Condy, gida kake ginawa ko kabarin Paparoma?"

Ranar da suka tare, Dympna ta yi kuka a bakin ƙofa. Ta taso a ɗaki biyu da 'yan'uwa tara, ga ta yau da taga mai kallon teku.

A nan wajenmu, zamanin iyayenmu, ana zagayawa da Mas, wato addu'ar coci, gida gida. In layi ya zo kanka, Fada, limamin cocinmu, da duk maƙwabta a falonka za su yi addu'a, a ci a sha. Kafin ranar kuwa sai an yi wa komai fenti: bango, ƙofa, ɗakin shanu, har duwatsun bakin hanya. Al'adar ta mutu a yawancin gidaje, amma ta bar mana ciwonta. Har gobe mace a yankinmu na Inishowen ba ta yarda baƙo ya tarar da gidanta yadda yake. Dympna ta fi kowa. Ma'aikaciyar jinya za ta zo, fenti. Mai gyaran murhu zai zo, fenti. Fonsie ya ce shi ya sa karensa ba ya kwanciya a ƙofarta, yana tsoron ya farka fari.

Sai bangaye suka fara tsagewa. Da fari siriri, kowa yana ɓoye nasa, yana cewa gini ne yake zama. Daga baya muka ji sunan abin: maika. Wani ƙyalƙyali ne a cikin dutsen da aka niƙa aka buga bulon. Bulo ya sha ruwa, sanyi ya kama shi, sai ya riƙa ruɓewa daga ciki har ya koma gari. Mu kuwa ruwan sama da iskar teku ba sa ɗaga mana ƙafa. Na tuna ranar da na ɓantari gefen bangona da yatsa, ya marmashe a hannuna kamar busasshen burodi. Nan na zauna a ƙasa.

Cikin wannan hali ne Condy ya faɗi a lambu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya tashi da magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, tunaninsa kuma ya zama gutsi-gutsi. Zai gaya maka sunan duk wanda suka yi aiki tare a Scotland, amma bai san abin da ya ci jiya ba. Likitoci suka ce gidan kula da tsofaffi ya fi masa. Dympna ta ce sam. A gabana ta riƙe hannunsa mai motsi ta ce, "Gida za mu, Condy. A gidanka za ka zauna har Allah ya yi ikonsa." Tun daga ranar ba ta da wani buri a duniya sai wannan. Ta sa gadonsa a ɗakin yamma, ta ajiye kujerarsa ta fuskanci teku. Likita a gida yake ganinsa, Fada ma haka. Shekara da shekaru Condy bai ƙetare ƙofar gidan ba.

Ga kuma harajin gida. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gida yana zubewa a kanka, ba mai saye ko da kuɗin tunkiya, kamfanin inshora ya juya maka baya, amma duk shekara sai ka biya haraji a kansa kamar mai dukiya. Kuma a tsarinmu kai da kanka kake faɗin darajar gidanka. Duk muka sa ƙasa ƙasa, da gaskiyarmu. Dympna ta sa nata a farashin lafiyayyen gida mai kallon teku.

Na ce, "Ke baiwar Allah, wa zai sayi gidan nan a haka?"

Ta ce, "Na ce miki sayarwa zan yi?"

"To don me za ki fi kowa biya?"

"Condy ne ya gina shi, Goretti. Da hannuna zan rubuta cewa aikinsa bai kai komai ba?"

Haka ta riƙa biya daga ɗan fanshonsu, tana rage man dumama ɗaki, tana sa riga kan riga.

Bayan mun sha zanga-zanga har Dublin, babban birninmu, gwamnati ta ce to, wanda injiniya ya tabbatar bulonsa ya lalace za a ɗauke masa harajin na wasu shekaru, a kuma sa shi layin gyara. Duk layinmu muka nema. Dympna ta yi ta jan ƙafa, har sai da ta ji cewa, da yake bangayenmu ɓari biyu ne, na ciki da na waje, wasu gidajen ɓarin waje kawai ake sauyawa, masu gida suna zaune a ciki. Wannan ne ya shige ta. In za a gyara bangon ɗakin Condy ba tare da an ɗaga shi ba, ta yarda.

Makon da injiniya zai zo ina Glasgow, 'yata ta haihu. Na dawo da safiyar ranar. Motar haya tana shan kwana na hango layinmu, gidaje duk sun yi zane-zane kamar tafin hannu, sai guda ɗaya yana walƙiya fari ƙal, ƙofa ja, tukwanen fure a jere. Ko jaka ban kai gida ba.

Na same ta tana wanke buroshi a bokiti.

"Yesu da Maryamu da Yusufu! Dympna, me kika yi?"

"Me na yi? Baƙo zai zo."

"Baƙon nan ɓarna ya zo gani, sakarya!"

"To sai in bar mutum ya taso tun daga Sligo ya tarar da gida kamar kango? Me zai je ya faɗa a kanmu?"

"Abin da muke roƙon Allah ya je ya faɗa ke nan!"

Ta dube ni kamar ni ce marar tarbiyya. "Ai mai ilimi ne, zai gane. Ba sai an tsiraita gida a gabansa ba."

Bai gane ba. Yaro ne mai kirki, da ɗan ma'auninsa na awon tsaga. A gidan Fonsie ya sha kallo, don Fonsie har da nuna masa ramin da kyanwarsa take shiga, yana taƙama kamar mai nuna ragon gasa. Da ya zo na Dympna ya shafa bango, ya duƙa, ya hau tsani, bai sami inda zai sa ma'aunin ba. Na buɗe baki na ce, "Malam, wannan fa duk kwalliya ce," sai Dympna ta taka mini ƙafa, ta watso mini wani kallo. Yaron ya yi murmushi ya ce shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Ya ci kek ɗinta yanka biyu, ya tafi.

Sakamako ya fito: duk layi an ɗauke mana haraji, sai ita kaɗai, mai gidan da ya fi na kowa ruɓewa. Ta shigo kicin ɗina fuskarta ja.

"Wai gidana lafiyarsa lau! Ni da nake share garin bulo kowace safiya?"

"Ke kika ce masa kin gode."

"Ladabi ne wannan!"

"To ki biya kuɗin ladabi."

Ta yi sati ba ta yi mini magana ba. Ni ma na share ta, don haushinta nake ji har wuya.

Hunturun ne ya sasanta mu. Tagar ɗakin Condy ta daina rufuwa. Ruwa ya fara tsattsafowa ta bayan takardar bango. Wata rana da hantsi ina shanya na ji ƙara kamar an harba bindiga, na ruga na tarar ƙofar kicin ɗinta ta cije, sai da Fonsie ya sa kafaɗa. Condy yana zaune yana kallon teku, bai san abin da ake ciki ba. A ranar ta ce mini, murya ƙasa ƙasa, in taya ta neman a sake dubawa.

Aka sa rana. Wannan karon muka kafa mata sharaɗi: da safe, kafin wata sabuwar injiniya da aka turo ta iso, za mu kankare bangon yamma ya fito yadda yake. Mazan layi suka zo da tsani da guduma, yawancinsu waɗanda suka taya ginin ne, yanzu duk sun yi furfura. Dympna ta kawo shayi, ta koma ciki, ta ja labule, ta ƙure wa Condy rediyo.

Fonsie ya tofa yawu a tafinsa ya ce, "Allah ya sa kar ta yi mini fenti ina tsaye." Muka yi dariya. Ya ɗan buga guduma sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Filasta ta ɓallo gaba ɗaya, faɗin ƙofa, ta faɗo a gabansa. Bayanta gari ya riƙa kwarara kamar an huda buhu. Da ƙura ta lafa, muka leƙa. Bulo babu. Ramuka ne manya, kuma kowane rami a cushe yake da tsumma.

Fonsie ya sa hannu ya jawo ɗaya. Hannun riga ne. Ya sake jawowa, kwala ta fito, har da maɓallinta. Rigunan aikin Condy ne, da rigarsa ta zuwa coci, da zannuwan gado, da labulen da na san shi a falonta. An yanka kowanne daidai bakin raminsa, an ninke tsaf, wasu ma da alamar guga a jiki. Haka take cusawa don siminti ya sami abin kamawa, ta shafe, ta goge, ta yi fenti. Shekaru ke nan tana yi, ita kaɗai, a kan tsani, mace mai shekara saba'in da ɗoriya. Ni da nake ganin na san ta ciki da waje, gidana yana kallon nata, ban taɓa sanin abin ya kai haka ba. Fonsie, da bakinsa ba ya mutuwa, ya cire hularsa ya riƙe.

A haka injiniyar ta same mu. Mace ce babba, ba ta da yawan magana. Ko ma'auni ba ta ciro ba. Ta naɗe hannun riga, ta zare tsumman rami ɗaya, ta zura hannu. Hannun ya shige har kafaɗa. Na ga fuskarta ta sauya.

"Me nake taɓawa a nan? Katako ne."

Na ce, "Allon gadon maigidan ne."

"Akwai mutum a ɗakin nan?"

"Yana zaune a jikin taga."

Ta ɗaga kai ta dubi inda rufin ya zauna a kan bangon, ta ja da baya. "A fitar da shi. Yanzu, ba anjima ba."

Dympna ta fito tana goge hannu. Ta ga rigunan a zube a ciyawa, ta ga idanunmu, kunya ta rufe ta kamar an kama ta da sata. Injiniyar ta yi mata bayani a hankali: ɓarin ciki ma ya tafi, ba abin da yake riƙe da rufin, iska mai ƙarfi ɗaya ta isa. Gidan ba na gyara ba ne, sai an rushe shi har ƙasa.

"A'a," in ji Dympna. "An ce ɓarin waje ake sauyawa, mutane suna ciki."

"Wasu gidajen ke nan. Ban da wannan."

"Ni fa haraji na ce a ɗauke mini, ban ce a kore ni ba!"

"Harajin ki manta da shi, Misis Harkin. Ba sauran gidan da za a biya wa haraji."

"To na fasa. Zan ci gaba da biya. Fonsie, mayar da filastar nan."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na ce su dawo gidana, ko da na san ɗakunan kwanana a sama suke, kuma nawa bangon ma jiran rana yake. Fonsie ya ce nasa, alhali kowa ya san ruwa yake tara da bokiti. Duk layin ba gida ɗaya da zai ɗauki mutum mai gadon asibiti da na'urar ɗagawa. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta buga waya, aka sami gado a wani gidan kula da tsofaffi can Letterkenny, tafiyar kusan awa guda, ga Dympna ba ta tuƙi.

Motar asibiti ta zo da rana tsaka. Dympna ta sa masa babbar rigar sanyi, ta taje masa kai. Ta roƙi ma'aikatan su ja motar zuwa ƙofar gaba, inda fenti yake fes, amma hanyar ta yi musu ƙunci, a gefen yamma kaɗai za su iya sauke matakala. Suka turo shi a keken marasa lafiya ta kan ciyawa.

Da suka zo daidai bangon, Condy ya ɗaga hannunsa mai motsi. Suka tsaya. Ya daɗe yana kallo, daga tushe har rufi, da idon nan nasa na awo. Ya miƙa hannu, Fonsie ya rasa yadda zai yi, ya ɗebi ɓaraguzan ya zuba masa. Condy ya murza, garin ya zube ta tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta cika da ƙyama.

"Wa…" ya ce, yana kokawa da harshensa. "Wa ya yi… wannan ginin?"

Maza shida da suka miƙa masa bulo da hannunsu suna tsaye a wurin, kowa ya kafe ƙasa da ido. Dympna ta durƙusa a gaban keken, ta share masa tafin hannu da gefen rigarta.

"Wani mutum ne daga Derry," ta ce. "Ba ka san shi ba."

Ya girgiza kai. "A ɗaure shi… ya kamata."

"Za a ɗaure shi, Condy."

Ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Suka tura shi ciki, ta hau ta zauna kusa da shi, tana riƙe da jakarta a cinya. Kafin a rufe ƙofa na ji yana tambayarta yaushe za su koma gida.